Yini Ɗaya a Yauri, Ni da Baba

Shekarun baya, lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori, ina sabon malamin firamare a Maradun. Fitowata ke nan daga kwalejin horon malamai, ga agogo a hannu, ga biro biyu a aljihun gaba, ja da shuɗi, ga wani ɗan littafi da nake yawo da shi ko'ina kamar laya. A ganina a wancan lokacin, duk abin da ba a rubuta ba to ba ilmi ba ne. Ku riƙe wannan maganar, za ta yi mana amfani a gaba.

Ƙauyenmu yana gangaren gulbi ne, can wajen Dosara. Wata rana masu awo suka zo suka kakkafa turaku a kan tudu, suka shafa musu jan fenti, aka ce idan an tare gulbi nan ruwa zai tsaya, duk wanda ke ƙasa da turakun sai ya tashi. Mutane suka yi ta gunaguni, amma sannu a hankali wasu suka fara cire azarar ɗakunansu. Mahaifina kuwa ya ce shi ba inda za shi.

Da farko na ɗauka gona ce ta riƙe shi. Ashe kabarin kakata ne, mahaifiyarsa, wanda ke maƙabartar bayan gari a gindin wata aduwa. Tun ina yaro, duk Juma'a in an sauko daga masallaci can yake wucewa ya yi mata addu'a kafin ya zo gida. Ranar da na je masa da bayanina na 'yan boko, ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ubana ya tai fatauci ina goye, bai komo ba, har yau ban san inda anka sa shi ba. Ita ko na san inda take. In tashi ruwa ya shahe wurin, in zama mutumin da bai san kabarin uwa ba bai san na uba ba? Ku ku tai. Ni ruwan ya iske ni nan."

Mahaifiyata ta ce in bai tashi ba ita ma tana nan. Shi ke nan gida ya tsaya cik, ni kuwa hankalina ya tashi ƙwarai, don na san Baba ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Abu ɗaya ne da Baba, shi ne son sani. In baƙo ya sauka garinmu, sai ya tambaye shi har irin gishirin da ake sa wa miya a garinsu. Ina da wani aboki direban babbar mota, yana ɗauko albasa da bandar kifi daga Yauri zuwa kasuwar Mafara. Ya zo gaishe da Baba, ana cikin hira sai ya ce ai su can Yauri tuni aka yi musu irin wannan, an tare kogin Kwara a can ƙasa, ruwa ya komo ya cinye garuruwa.

Baba ya ajiye igiyar da yake tufka. "Gari guda? Da masallaci da komi?"

"Da komi, Baba."

"To mutanen fa, sunka yi yaya da matattunsu?"

Abokina ya ce wallahi bai taɓa tambaya ba. Baba ya dube shi kamar wanda ya je Makka bai ga Ka'aba ba. Ya ce, "Yaushe za ka koma? Gani ya kori ji."

Haka muka bi shi ranar Laraba, bayan cin kasuwa. Yini guda muka yi a hanya, Baba a gaban mota yana tambayar sunan kowane gari, ni a baya kan buhunan wofi masu warin albasa. Da safe mai masaukin abokina ya haɗa mu da wani dattijo Bagunge, wato cikin mutanen da ke zaune a tsibiran kogin kafin ruwa ya tashe su. Aka ce shi ne ke zagayawa da baƙi in ba ya wajen kamun kifi. Gajere ne, baƙi wuluk, hannuwansa kamar saiwar itace. Shi da Baba suka durƙusa suka yi ta gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya muka ji da hanya, ya mutanen Zamfara, har na duba agogona sau biyu. Dattijon ya lura. Ya ce, "Malamin makaranta, yau ka bar wannan abin hannun ya huta. Nan rana muke bi."

Bakin ruwa ya fara kai mu. Jama'a, ni da nake koya wa yara sunan kogin nan a allo, ashe ban san shi ba. Gulbinmu na gida da rani rairayi ne, da ƙafa muke ratsa shi, jakuna ma ba su tsayawa. Wannan kuwa ruwa ne shimfiɗe har ido ya gaji. Baba ya tsaya, ya dafa sandarsa. Can ya ce, "Wanga duk gulbi na? Ina ƙarshenai?"

"Mu ma ba mu je ba," in ji dattijon.

Daga nan muka shiga kasuwar kifi. Aka kinkimo wani giwan ruwa, tsawonsa ya kusa kai ni, mutum biyu ke ɗauke da shi a sanda. Baba ya zagaya shi, ya taɓa ɓawonsa, ya leƙa bakinsa, sannan ya tambaya ko shi ma sai an yanka shi an fuskantar da shi alƙibla. Matan da ke banda suka fashe da dariya, ɗaya ta ce, "Baba daga tudu kake ko?" Bai ji haushi ba ko kaɗan. Zama ma ya yi kusa da murhunsu yana tambayar wane itace ke ba kifi wannan jan launin, da kwana nawa yake yi bai lalace ba. Ni kuwa ina tsaye ina rubutawa, hayaƙi na sa ni hawaye.

Muka ga masu sassaƙa kwale-kwale suna toshe tsaga da auduga, muka ga manyan jirage da suka zo daga ƙasar Nupe da tukwane da tabarmi, muka ga albasa tsibi-tsibi har ta fi mutum tsawo. Abokina ya ɗauke mu a mota zuwa tsohon birni, dattijon ya nuna mana abin da ya rage na ganuwa, ya nuna inda ƙofa take da inda fatake ke sauke kaya a da. Baba ya ɗebi ƙasar ganuwar ya murza a tafin hannu, ya ce maginan nan sun san makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake ƙarfafa gini da shi.

A hanyar komowa dattijon ya ba mu labarin wani Bature da ya ratso ta nan cikin jirgi tun zamanin kakannin kakanni, ruwa ya ci shi a can ƙasa wajen duwatsu. Nan fa na samu wurin nuna kaina. Na gyara murya na ce ai mun karanta shi, kuma ba daidai yadda ya faɗa ba ne a littafi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "To madalla. Kai a takarda ka gan shi. Mu kuma a gidanmu an ce kakan kakana ya sayar masa da kaji biyu, ya ce Baturen bai iya ciniki ba." Baba ya yi dariya har da tari. Na mayar da birona aljihu.

Bayan mun yi azahar mun ci tuwon shinkafa da miyar kifi, Baba ya wanke hannu ya dubi dattijon. Na san abin da ya kawo shi ne zai fito yanzu.

"Malam, na ga kasuwa, na ga ganuwa, na gode Allah na gode maka. Amma ni garin da ruwa ya ci na zo gani."

"Wannan sai an shiga jirgi."

Baba bai taɓa shiga kwale-kwale ba a rayuwarsa. Ko da damina in gulbinmu ya kawo, jira yake ya janye. Ya dubi ruwan, ya dubi ɗan jirgin da ke rawa a bakin gaɓa, ya cire takalmansa ya rataye a wuya, ya yi bisimilla ya shiga ya zauna daram. Ni ne gwanin, na shiga da takalmi sau-ciki har da safa, na tsaya a tsaye ina gyara riga. Jirgin ya yi gefe ɗaya, na yi wani ihu da ban san ina da shi ba, na zube cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgin. Wandona ya jiƙe sharkaf. Baba ya ce, "Rubuta wannan ma."

Muka yi nisa har mutanen gaɓa suka koma ƙanana. Ni na riƙe gefen jirgi da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na sani. Baba kuwa, duk da na ga yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame katako, idonsa na kan dattijon. Shi ya fara lura da cewa mutumin ba ya duban gabansa. Zai ja filafili sau uku huɗu, ya waiga baya, ya dubi hagu, ya ɗan karkata jirgi, ya sake waigawa.

"Malam, mi kaka dubi baya? Wani na bin mu?"

"Hanya nake nema."

"Hanya a baya?"

Dattijon ya ci gaba da tuƙi yana waige. Can sai ya tsoma filafili ya tsayar da jirgin. Ko'ina ruwa ne, babu ko ciyawa, wurin bai bambanta da inda muka baro ba ko da ƙwayar gero. Ya ce, "Mun iso. Nan ne ƙofar gidanmu."

Baba ya leƙa ruwan, ya ɗago. "Kar ka ga baƙi ne ka yi muna wasa."

Dattijon ya ce wa Baba ya juya ya dubi gaɓar da muka baro. "Ka ga dutsen can mai tsaga a ka? Ka ga rimin da ke gabansa? Da muka taso rimin yana gefe. Yanzu fa?" Baba ya ƙanƙance ido ya ce rimin ya shiga cikin tsagar daidai. "To wannan layi ɗaya ke nan. In na bi shi zan ratsa ta kan gidanmu, amma ban san inda zan tsaya ba. Yanzu dubi hagunka. Ka ga giginyar can, da farin dutsen da ke bayanta?" Giginyar ta rufe farin dutsen. "In wannan ya hau wancan, wancan kuma ya hau wancan, wuri ɗaya ne tak a duk faɗin ruwan nan. Haka muke gane inda muka bar taru, ragarmu ta kamun kifi. Da aka ce mu tashi, sai na tsaya a ƙofar gida na yi wa gidan abin da nake yi wa taru."

Ni malamin da ke koyar da lissafi, sai da na ji kunya ta kama ni, domin na gane abin sarai, kuma ko a mafarki bai taɓa zo mini ba.

Baba dai bai gamsu ba tukuna. Dattijon ya jawo wata doguwar gora da ke kwance a jirgin, ya zura ta cikin ruwa har ta kusa ƙarewa, ya ɗan lalaba, sai muka ji ƙwas. Ya miƙa wa Baba ƙarshenta. "Taɓa. Kututturen tsamiyar ƙofar gidanmu ne. A gindinta aka yi mini aski ranar suna." Baba ya saki gefen jirgi, ya karɓi gorar da hannu biyu, ya ɗaga ya sauke, ƙwas, ya sake, ƙwas. Ya daɗe yana yi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar yaron da aka nuna wa yadda ake kunna ashana.

Sannan ya yi tambayar da ta taso da shi tun daga Zamfara. "Iyayenka fa?"

Dattijon ya ja jirgin kaɗan zuwa gabas, yana waige, ya tsaya. "Suna nan. Duk Juma'a in na taso daga kamun kifi nakan biyo." Ya ɗaga hannuwa, mu ma muka ɗaga. A tsakiyar ruwa muka yi wa mutanen da ba mu taɓa sani ba addu'a, jirgi na ɗan lilo da mu.

Da muka shafa, Baba ya faɗa masa komai, turakun jan fenti, da kabarin, da rantsuwar da ya yi. Ya ƙara da cewa, cikin jin daɗi, "Ashe ni ma ina da alamata. Akwai aduwa daidai kanta, ga kuma wani babban suri daga dama."

Dattijon ya yi dariya har sai da jirgi ya girgiza, na sake ƙanƙame katako. "Kai mutanen tudu! Aduwar da surin ba tare da kabarin za su nutse ba? Ai ka ajiye mabuɗi a cikin ɗakin da ka kulle. Ba abin da ke kusa za ka duba ba, ɗan'uwa. Tsaya a kan wurin ka ɗaga kai, ka nemi abin da ke nesa, wanda ruwa ba zai kai ba. Biyu a gaba, biyu a gefe. Ka sa dutse a ciki, don itace yana mutuwa. Kuma ka yi tun ƙasa tana ƙasa, in ruwa ya zo an gama." Ya nuna ni da haɓa. "Kar ka riƙe kai kaɗai. Ka zuba a cikin kan wannan, ba a takardarsa ba."

A hanyar komawa gida Baba bai tambayi sunan gari ko ɗaya ba.

Washegarin isowarmu ya tashe ni da sassafe muka tafi maƙabarta. Ya tsaya a gefen kabarin kakata yana juyawa a hankali, hannu a goshi. Abin da dattijon ya yi kamar wasa, mu sai da muka kwana uku muna nema. Wannan itacen yana ƙasa da turaku, wancan dutsen ba abin da ke gabansa, wancan kuma in rana ta yi tsaka ba a ganinsa. Mutane suna wucewa suna kallonmu, har aka fara cewa zancen tashi ya taɓa Baba. A rana ta uku muka samu. Daga arewa akwai wata kuka a kan tudu, in ka tsaya daidai sai ta hau tsakiyar wani baƙin dutse da ke bayanta. Daga yamma kuma giginyu biyu ne, da wani ƙaramin tsauni da ke shiga tsakaninsu.

Na zaro littafina zan rubuta, ya ce rubuta, amma rufe ka faɗa mini da ka. Na faɗa. Ya sa na tafi har bakin hanya na komo ina neman wurin da ido a sama, ba tare da na dubi ƙasa ba. Sau biyu ina faɗawa cikin ƙaya. A na uku na tsaya na ce nan ne, na sunkuya na ga kabarin a gaban ƙafata.

Da yammar ranar Baba ya hau ɗakinsa ya fara cire azara da hannunsa. Mahaifiyata ta fito ta gani, ta koma ciki ta fara haɗa ƙore.

Ba zan ce muku komai ya yi daɗi ba. Fadamarmu ta tafi, ƙasar da muka koma tsandauri ce, kuma mutane da yawa sun sha wuyar da har suka mutu ba su manta ba. Baba ma ya yi kuka ranar da muka fita, a gaban kowa. Amma ya fita da ƙafarsa.

Da ruwa ya cika, wata Juma'a bayan masallaci muka samu wani masunci ya ɗauke mu. Baba a gaba, yana ba da umarni kamar wanda aka haifa a jirgi, "Yi dama. Ƙara kaɗan. Tsaya, ka wuce." Ni dai ina tsoron kada abin ya ƙi. Sai ga kuka tana matsowa a hankali har ta hau baƙin dutse, na waiga yamma na ga tsauni ya shiga tsakanin giginyu. Baba ya tsoma hannunsa cikin ruwan har gwiwar hannu, ya ce, "Inna, ni na. Mun yi ƙaura, amma ban ɓace miki ba."

Littafin nan nawa kuwa, tun a damina ta biyu gara ta cinye shi a sabon gida, har da labarin giwan ruwa.

Mun yi shekaru muna zuwa, ba kowace Juma'a ba, amma ba a yin wata biyu ba mu je ba. Daga baya yanar ido ta rufe wa Baba gani, sai na zama ni ke dubawa. Zai zauna a tsakiyar jirgi yana tambaya, "Ta hau?" In ce saura kaɗan. "Yanzu fa?" In ce ta hau, Baba. Sai ya laluba gefen jirgi ya tsoma hannu. A ciwonsa na ƙarshe ya ce da ni, "Ni a tudu za ku sa ni, ba ni da wuyar nema. Ita dai kar ku bari."

Har yau in na tuna dattijon nan na Yauri sai in ji wani iri, don yini ɗaya kawai muka yi da shi, ko sunansa na gaskiya ban riƙe ba, kuma na tabbata ya daɗe da rasuwa. Ni na je yawon buɗe ido ne da biro, ina jiran in ga abin da zan ba yara labari a aji. Baba ya je da tambaya ɗaya, bai kuma ji kunyar a yi masa dariya a kasuwa ko a jirgi ba har ya samu amsarta. Na yi shekara da shekaru ina koyarwa, amma ban iya tambaya kamar mutumin nan da bai taɓa riƙe alli ba.

Ɗaya daga cikin giginyun ta faɗi tuni, saura ɗaya da kututture, amma tsaunin na nan, kukar ma na nan. Watan jiya na je tare da babban ɗana, wanda shi ma yanzu magidanci ne. Muna tsakiyar ruwa na cire tabarau na goge, na mayar, na sake gogewa. Tudun nake gani dishi-dishi, na kasa raba kukar da dutsen. Na ji nauyin in faɗa.

Sai na ji ya ce da mai jirgin, "Yi dama kaɗan. Tsaya nan." Ya juyo ya dube ni. "Ta hau, Baba."

Na naɗe hannun riga na tsoma hannu.